Harsashin da Na Zaɓa da Sunan Baba

Ni dai bakina ne ya jawo min, ba kowa ba. Tun ina yaro ake faɗa min in na fara zuba ba na sanin inda zan tsaya. Shekara huɗu na yi a Kuala Lumpur ina karatun digirin dakta a kan yadda iska ke gudu a cikin bututu, na gama lafiya, amma kama baki ya gagare ni.

Sunana Yusha'u. Mahaifina Malam Ubale maharbi ne a wani ƙauye da ke gefen dajin Falgore, kuma duk yankin nan Harbi-Ɗaya ake ce masa. Bindigarsa adaka ce, ƙirar wani maƙeri a Tudun Wada, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da tsinken ƙarfe. Ƙotarta ta tsage tun ban da wayo, ya naɗe wurin da robar tayar keke. Harbinta ba ya zuwa ko'ina. In dabba ta wuce taku talatin Baba ba ya ma ɗaga bindigar. Sai ya tuɓe takalmi, ya ɗebi toka a 'yar jakarsa ya watsa don ya ga inda iska ta nufa, ya yi ta jan ciki har sai ya ga dabbar tana ƙifta ido. Sannan ya harba, sau ɗaya.

Akwai wata doka a gidanmu tun daga kakana. Maharbin da ya harbi dabba ta tsere da rauni, dole ya bi sawunta har ya ƙarasa ta. In ya rasa ta, ba shi ba cin nama sai bayan kwana arba'in, kuma duk wanda ya tambaye shi dalili sai ya faɗa da bakinsa. Ƙannen Baba duk sun yi wannan zaman, wani ma sau uku. Shi kuwa shekara hamsin da ɗaya yana shiga daji bai taɓa yi ba. Ba shi da gidan bulo, ba shi da babur, wannan ɗin ne abin alfaharinsa a duniya.

Ni sau ɗaya ya taɓa tafiya da ni. Muna kwance a ciyawa, mazo yana gabanmu, na yi atishawa. Da muka dawo gida ya ce wa mahaifiyata, “Wannan na makaranta ne.” Kuma da yake ni ne ɗan fari, bai taɓa kiran sunana ba. “Kai” nake a bakinsa tun da aka haife ni.

To, a masallacin unguwarmu ta Taman Melati na haɗu da Haji Kamarul. Ɗan ƙasar ne, dattijo mai fara'a, yana da kamfanin ƙera bututun na'urar sanyaya ɗaki. Da ya ji abin da nake karantawa sai ya riƙe ni. Duk Juma'a in an sauko masallaci sai ya ja ni mamak, shagon shayin Indiyawan nan, mu zauna ya yi ta hira. Hirar kuwa ɗaya ce, farauta. Dokar bindiga a Malesiya ba wasa, don haka tasa tana can Namibiya, a ajiye a gonar wani Bature da yake zuwa wurinsa duk shekara.

Ranar da ya nuna min hotonta a waya sai da na ajiye kofin shayina. Ba a shago ya saye ta ba, yi masa aka yi. An auna tsawon hannunsa da kafaɗarsa da inda kuncinsa ke kwanciya, kamar wanda za a ɗinka wa babbar riga, ya jira wata goma sha huɗu kafin a gama. Bakinta dogo, ƙotarta ta katako mai sheƙi, ga madubin hange a samanta ya kai damtsena kauri. Irin da suke kira 338 ce, harsashinta ya fi ɗan yatsana na tsakiya tsawo. Ya ce da ita mutum zai harbi abin da ido ma bai gani sosai ba.

Sai ya tambaye ni sana'ar mahaifina. Na ce maharbi ne.

Idonsa ya kawo haske. “Allahu Akbar! Wace iri yake riƙewa?”

A nan ne ya kamata in ce adaka. Kalma ɗaya ce. Amma ina kallon wannan katako mai sheƙi sai robar tayar keke ta faɗo min a rai. Na ce ai ta Ingila ce, wani jami'in Turawan mulki ya bar wa kakana. Ya ce daga wane nisa yake harbi? Na ce mita ɗari shida ba komai ba ce a wurinsa. Astagfirullah. Ɗari shida! Mutumin da yake jiran ya ga ƙiftawar ido.

Daga ranar na zama gwani. Na shiga karance-karance a intanet, na haddace sunayen harsasai da nauyinsu. Na zauna na yi masa jadawalin lissafi: in nisa ya kai kaza harsashi zai sauka da kaza, in iska na kaɗawa daga dama a karkata da kaza. Wannan kam fannina ne, kuma lissafin daidai yake, ya gwada a kan takarda ya tabbatar. Ya riƙa gabatar da ni ga abokansa yana cewa, “Ɗan babban maharbin Najeriya ne wannan.” Ni kuma in yi murmushi in sunkuyar da kai kamar mai tawali'u. Kaico.

Ana saura wata ɗaya ya tafi Namibiya ya zo min da hoton harsasai biyu. Ɗaya siriri ne mai tsinin baki, na gasar harbin takarda, yana ratsa iska ba ya karkata sosai. Ɗayan na farauta ne, bakinsa da taushi, in ya shiga jikin dabba sai ya buɗe kamar laimar kwaɗi ya kashe ta nan take. Ya ce Baturen mai gona ya kafe a kan mai taushin, kuma ya ce kada a wuce mita ɗari uku. Shi kuma Haji burinsa ya yi harbin da za a daɗe ana labari.

“Ka tambayar min Babanka mana,” in ji shi. “Abin da ya ce shi zan yi.”

Na koma gida na buɗe kwamfuta. A lissafi siririn ya yi wa ɗayan fintinkau. Abin da lissafina bai sani ba shi ne abin da ke faruwa bayan harsashi ya taɓa fata, don ni a nan karatuna ya ƙare. Matata Walida tana ninke kaya a gefe, ta ji duk yadda muka yi.

“Ka kira Baban kuwa?”

“Ke don Allah, me Baba ya sani a kan wannan?”

Ta dube ni ta ci gaba da ninke kayanta. Ni kuma na ɗauki waya na rubuta wa Haji: Baba ya ce siririn.

Haji ya je ya dawo yana ta murna. Wai ya samu dabba daga mita ɗari takwas da saba'in, amma ba zai nuna min bidiyon ba sai Baba ya zo, don ya san ana shirin kawo shi bikin yaye mu. Na yi ta kame-kame. Na ce tsoho ne, ba ya son fita, ba ya jin Turanci. Haji ya ce ko a keken guragu ne sai ya ga wannan bawan Allah, ya riga ya kama mana wuri a wani gidan abincin Larabawa a Bukit Bintang, ranar Asabar ɗin da za ta biyo bayan saukar Baba.

Baba ya sauka ranar Talata, karonsa na farko a jirgin sama. Yana fitowa ya ƙare min kallo daga sama har ƙasa, ya ce, “Dakta.” Wallahi sai da na juya baya na share ido. Shekara talatin da huɗu ina jiran mutumin nan ya kira ni da wani abu da ba “kai” ba. Kwana uku bakinsa bai huta ba. Dakta, wannan jirgin ƙasan ina direbansa? Dakta, mutanen nan ba sa gajiya da shinkafa? Na kai shi kasuwar Masjid India na saya masa farar jallabiya da takalmi, yana ta cewa Dakta ya isa haka. Duk lokacin da ya faɗa sai in ji daɗi, sai kuma gabana ya faɗi in na tuna Asabar.

Na kwantar wa kaina hankali da cewa ai ni ne tafinta. Baba ba ya jin Turanci, Haji ba ya jin Hausa. Duk abin da zai wuce tsakaninsu ta bakina zai bi.

Asabar da azahar muka je, ni da Baba da Walida. Haji ya kama hannun Baba da hannu biyu ya kai ƙirjinsa. Aka kawo faranti guda na shinkafa, rabin ɗan rago kwance a kai, yana tururi. Baba mutum ne mai son nama, kuma haƙoransa ba wanda ya faɗi. Ya naɗe hannun jallabiya ya ce bismillah.

Da farko komai ya tafi yadda na tsara. Haji ya ce a tambaye shi labarin bindigar Ingila. Na ce, “Baba, yana tambayar yaya daji.” Baba ya ce daji ya lalace, masu saran itace sun gama da shi. Na juya na ce wa Haji bindigar tana nan, sai dai tsufa. Walida ta sa ido a farantinta ba ta ɗago ba.

Sai Haji ya goge hannu ya fito da babbar wayarsa ya jingina ta da kwalbar ruwa.

Fili ne fetal mai jar ƙasa, an ɗauko shi ta cikin madubin hange. Ga wata dabba tsaye, doguwar fuska, ƙaho a lanƙwashe.

“Kai! Kanki!” Baba ya matso da kujerarsa, tsokar nama a hannunsa. “Rabona da ganin kanki ya fi shekara ashirin. Dubi ƙato. Allah mai halitta.”

Aka ji ƙarar harbi. Sai da aka ɗan jima, kamar ba abin da zai faru, sannan kankin ya zabura ya gantsare baya ya tattare cikinsa. Ya yi taku biyu ya tsaya. Sannan ya bi sauran garken a hankali, kansa a ƙasa, har ya haye wani tudu ya ɓace. A cikin wayar ana jin muryar Haji yana kabbara.

Baba bai kai naman baki ba. “A maimaita,” ya ce.

Aka maimaita. Ya ce a sake. Sau uku ya kalla, na ukun hancinsa ya kusa taɓa gilashin.

“A ciki ya same shi,” ya ce, ba da kowa yake ba. “Ga ƙasa can ta tashi a bayansa. Ya shiga ya fita kamar allura, bai yi aikin komai ba. Wannan ba ranar zai mutu ba. Zai kwana uku ko huɗu, ba ci ba sha, yana neman inuwa. Kuraye za su fara shi da ransa.” Ya ɗago. “Tambaye shi, sun bi sawu?”

Wannan kam na fassara daidai, don ban ga hanyar kaucewa ba. Fara'ar Haji ta ragu. Ya ce sun bi na awa biyu, jinin ɗigo-ɗigo ne, daga baya ma ya ɗauke. Washegari jirginsa zai tashi. Baturen ya ci gaba da nema da karnuka bai samu ba, kuma ya yi fushi sosai, ya ce laifin harsashin ne da nisan.

“Amma na ce masa ya yi min shiru,” in ji Haji, yana ƙoƙarin dawo da dariyarsa. “Na ce wannan zaɓin Ubale ne. Ubale na Najeriya!” Ya shafa wayar ya kawo wani hoto. Akwatin harsasai ne, an rubuta UBALE a murfinsa da baƙin alƙalami, manyan baƙaƙe. Ya nuna Baba da hannu yana jinjina masa.

Baba bai yi boko ba, amma ya san zanen sunansa, yana ganinsa a katin zaɓe. Kuma kunnensa ya ji.

“Na ji sunana. Me ya kai sunana can?”

“Yabonka yake yi, Baba. Yana cewa...”

“Ba kai na tambaya ba.” Ya juya wajen Walida, wadda tun zuwansa ba ta yarda sun haɗa ido ba. “'Yata, ke faɗa min. Me mutumin nan ya ce?”

Na zuba mata ido ina roƙonta a zuci. Ta ja mayafi ta rufe rabin bakinta, ta faɗa masa da murya ƙasa-ƙasa. Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Harsasai biyu, da shawarar Bature, da saƙon da na tura cewa Baba ya ce siririn. Ban ji haushinta ba ko kaɗan. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige, in bar musu takalmana.

Baba ya mayar da tsokar nan kan faranti, daidai inda ya ɗauko ta. Ya jawo kwanon wanke hannu ya wanke yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Na jira ya tona ni. Na ma fi son ya tona ni.

“'Yata, ki ce masa bindigarsa kyakkyawa ce, ban taɓa ganin irinta ba. Ki ce masa in ya koma ya ji maganar Baturen nan, ya tuɓe takalmi ya matsa kusa. Sannan ki ce masa shawarar da aka kai masa daga gidana ba ta yi kyau ba. Ya yafe mana.”

Walida ta fassara. Haji ya rikice, yana ta cewa a'a, a'a, shi ne ya ja kunama, iska ce ta canja. Ya tura farantin gaban Baba yana cewa, “Makan, makan,” wato a ci abinci. Baba ya yi masa murmushi, ya ɗebi shinkafa daga can gefe inda romo bai taɓa ba.

A jirgin ƙasa na LRT da za mu koma Taman Melati na zauna kusa da shi. Yana kallon dogayen gine-gine ta taga. Sai da muka wuce tasha huɗu na iya buɗe baki, ni da ba na rasa abin faɗa.

“Baba, ba kai ka harba ba. Ba ka ma san an yi ba.”

“Wa ya zaɓa?”

“Ni.”

“Da sunan wa mutumin ya rufe wa Baturen baki?”

Bai jira amsata ba ya ci gaba.

“Da ka kira ni, da na ce maka ban sani ba. Ban san wannan bindigar ba, ban san harsashinta ba. Amma da na ce ya matsa kusa.” Ya ɗan nisa. “Ka faɗa masa irin tawa bindigar?”

Na girgiza kai.

“Ai na canja mata roba bana,” ya ce.

Wannan maganar ta fi mari zafi. Na ce, “Baba, ni zan yi kwana arba'in ɗin. Wallahi zan yi. Ko tamanin ne.”

Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa ko kaɗan. “Kai ba maharbi ba ne. Dokar ba ta hau kanka ba.”

Ranar Laraba aka yaye mu. Na sa doguwar riga da hula mai tuntu, aka kira sunana, na hango shi a cikin jama'a da farar jallabiyarsa yana tafi kamar yadda ya ga ana yi. Da la'asar 'yan Najeriya suka haɗa mana walima a zauren da ke ƙasan benenmu. An yanka rago biyu. Halliru, wani ɗalibi ɗan Kano da ya iya gashi, tun safe yake kan wuta, ƙamshi ya cika unguwa har maƙwabta suna leƙowa. Aka shimfiɗa wa Baba darduma a gaba, malamai da ɗalibai suna zuwa gaishe shi ɗaya bayan ɗaya, kowa na cewa ga mahaifin Dakta, ga babban maharbi. Ni na baza wannan labarin, ba wani ba.

Walida ta kawo masa abincinsa daban, shinkafa da wake da mai da yaji. Halliru ya hango, ya taho da faranti cike da haƙarƙari ya durƙusa a gabansa.

“Haba Baba! Maharbi guda a zauna ana cin nama yana cin garau-garau? Wannan na ware maka shi tun ɗazu. Ko likita ne ya hana?”

Na matso da sauri zan ce eh, likita ne, hawan jini. Ƙaryar har ta zo bakina. Baba ya riga ni. Bai rage murya ba, don dokar ba ta yarda a rage ba.

“Ba likita ba ne, ɗana. Na bar dabba da rauni a daji, ban same ta ba. Sai bayan kwana arba'in.”

Wani ya ce Allah sarki, wani ya ce ai tsufa ne, hannu yakan yi rawa. Baba bai musa ba. Shekara hamsin da ɗaya, a gaban baƙi, a ƙasar da bai taɓa riƙe bindiga ba. Ina tsaye da hulata mai tuntu, da tsinken nama a hannuna da wani ya danƙa min, na rasa inda zan ajiye shi.

Ya ci loma biyu, yajin ya ɗan sarƙe shi. Ya waiwaya ya gan ni tsaye a kansa.

“Kai,” ya ce, “miƙo min ruwa.”